Kuɗin motar komawa

Idan Sallah ta ƙarato, hankalinmu a ƙauye yana kan isowar 'yan ci-rani ne: wa ya iso, me ya riƙo, wa ya ɗinka wa tsohuwarsa atamfa. Komawarsu kuwa ba mai zancenta, alhali ita ta fi haɗari. Yaro zai taso daga Agege ko Fatakwal da abin da ya yi wata da watanni yana tarawa, ya biya babbar bas ya zo cikin mutunci. Kafin a gama yawon Sallah aljihu ya yi wayam. Ya raba barka da Sallah, ya je gaisuwar surukai, ya bar kuɗin taki, ga gudummawar biki, tunda mun saba jera ɗaurin aure a makon Sallah saboda lokacin ne kowa yake gida. To da me zai koma?

Wanda yake son amsa ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ya tsaya da yamma ana lodin shanun kudu. Da an rufe bayan tirela sai ka ga samari sun ɗare sandunan da aka gitta a sama, kowa da 'yar jakarsa. 'Ya'yanmu ne, na Ringim da Gumel da Babura da Gaya. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma tirela mai lodi takan kwana biyu a hanya ko fiye, ta Zariya da Kaduna, ta gangara Mokwa da Jebba da Ilori, ko ta bi Abuja da Lokoja. Ranar ta ƙare a kansu, ruwan sama ma haka. Gyangyaɗi ɗaya ya isa mutum ya subuto. Abin da ya fi ci min rai shi ne babu sunansa a ko'ina. A tasha ana rubuta sunan fasinja da lambar ɗan'uwansa kafin mota ta tashi, amma na saman tirela idan ƙaddara ta faɗa masa, sai iyaye su yi ta kiran waya a kashe, ba su san ma jihar da za su nufa cigiya ba.

Tsadar mota gaskiya ce. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000, kuɗin mota kuma ya bi ta. A Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta ɗauke rabin kuɗin manyan bas na lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara. Irin wannan rangwamen ya kamata ya zama na kowace Sallah, kuma ya iso tashoshin da talakanmu yake hawa.

Amma akwai namu laifin, kuma shi ya fi kusa da hannunmu. Saurayin Bahaushe zai iya kwana da yunwa bai ce wa kawunsa babu ba. Kunya ce, mun kuma san da ita, sai mu yi ta miƙa hannu. Inna, kafin ki karɓi na cefanen ƙarshe, tambaye shi mana: "Ɗan nan, ka ware kuɗin motarka?" Baba, idan ka ga yana kame-kame ranar tafiya, a sayar da kwano biyar na gero a cika masa, ai shi zai turo ninkinsa kafin kaka. Har tsarabar da muke ɗora musu, buhun gero da daddawa da kuka da man shanu, mu tuna 'yan kamasho sai sun caji kuɗin kaya, ga na adaidaita daga tashar 'Yankaba zuwa Sabon Gari ko Na'ibawa. Duk daga aljihun nan guda yake fita.

Ita ma bas ɗin sai da lura. A makon komawa fasinja ya yi yawa, direba ya sauke lodi ya juyo ba tare da ya runtsa ba, a kafa benci a tsakiyar kujeru a ƙara mutane. Mu kuma ko mu yi gum yana tsala gudu, ko wani ya ce "direba taka ta, gobe ina da aiki." Wanda ya yi magana a ce masa matsoraci. Tawakkali bai hana ka ce wa direba ya tsaya ya yi barci ba, kuma jami'an kiyaye haɗurra suna da lamba 122 ta kiran gaggawa, kowa ya ajiye ta a wayarsa.

Kusan duk garinmu yana da ƙungiyar 'yan gari a zangon kudu, masu tara kuɗi idan an yi rasuwa ko rashin lafiya. Su za su fi iya wannan aikin: tun kafin a taho, kowa ya ajiye kuɗin komawarsa a wurin ma'aji, a yi shatar bas guda da direba biyu, ta zo har bakin kasuwar garin ta kwashe su ranar da aka tsayar.