Ramin soket na uku ba ado ba ne

Ƙannena masu koyon wayarin, yau da ku nake.

Kwanan baya aka kira ni wani gida a Kano, wai firji yana jan mutane. Uwargidan ta ce sai ta sa silifas take iya buɗe shi, yara kuwa sun daina zuwa kusa. Na kwance soket. Jar waya da baƙa suna nan daram, amma koriyar, wato wayar ƙasa da ke shiga rami na uku, guntuwa ce, ba ta fi tsawon yatsa ba. Ina jan ta, ta biyo hannuna. Wanda ya yi aikin ya karɓi kuɗin waya uku, ya zura biyu, aka shafe da siminti. Ɗan'uwanmu ne a sana'a, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Wutar da ke shigowa gidajenmu volt 230 ce, kuma kullum hanyar ƙasa take nema. Ranar da waya ta goge ta taɓa jikin firji ko dutsen guga, in akwai wayar ƙasa, ita za ta bi, bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, ta faɗi, magana ta ƙare. In babu, sai ta kwanta a jikin ƙarfen tana jiran wanda zai taɓa da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Shi zai zama wayar.

Kada ku kafa sandar jan ƙarfen da ake ɗaura wa wayar ƙasa a busasshen rairayi ku ce kun gama. Ƙasarmu da rani ƙamewa take, ba ta karɓar wuta sosai. Ku nemi wuri mai laima, ku zurfafa, ku ɗaure wayar da matsewa, ba naɗi ba, sannan ku auna da mita. Gawayi da gishirin da muke zubawa suna taimakawa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, don haka a bar wajen yadda za a iya buɗewa a duba. A allon rarraba wutar gida kuma ku sa bireka mai jin yoyon wuta, ta miliyam 30, wadda ke yankewa kafin rai ya salwanta.

Waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, abin da ya fi haka nauyi a ja masa layinsa daban. In kun sayo, ku kankare bakinta da wuƙa. In fari ya bayyana a ciki, alminiyam ce aka lulluɓe da jan ƙarfe.

Na san abin da za ku ce: maigida ne ba ya son kashe kuɗi. Gaskiya ne, akwai su. To ku faɗa masa ƙiri-ƙiri, in ya ƙi, ku ɗauki jakarku. A gidan nan sai da muka fasa bango ɗaki uku, maigidan yana tsaye yana lissafin buhun siminti, yana tambaya ta ko ina da lambar wancan yaron da ya yi aikin farko.