Ku tambaya kafin ku zauna, ba bayan kun haɗiye ba

Masu turo min saƙo tun daren Asabar wai in yi haƙuri in sauke abin da na ɗora a sitatus kan gidan abincin da ya gasa mana kaza a waya ɗaya da alade, ku huta, ba zan sauke ba, yanzu ma na fara. Kun dai ga yadda muka baro unguwar East Legon ta Accra da mahaifiyarmu Mma, tsohuwa mai shekara 71, cikinta ba komai sai ruwa da loma biyu da har yau take istigfari a kansu. Kuma laifin namu ne, mu 'ya'yan Zango da muka yi boko muka samu ɗan abin hannu, yanzu mun koma zaɓen wurin cin abinci da ido. Fitila muke zaɓa, da kujera mai laushi, da bangon da aka manna wa furen roba don ɗaukar hoto. Tukunyar da abincin zai fito daga ciki kuwa ba mai tambayarta.

Ku tambaya kafin ku zauna. Iyakar maganata ke nan kuma zan yi ta nanata ta har ku gaji da ni.

Ɗiyar Yaya ce ta gama Jami'ar Ghana da ke Legon, ita ce ta farko cikin jikokin Mma da ta ɗauko digiri, to dole a yi murna. A gurup ɗin gida na WhatsApp aka ce a fita a ci abinci, kafin ka ce kwabo bidiyo ya fara shigowa daga TikTok, wannan ya ce a je Osu, wancan ya ce a'a Labone, wata ta ce Osu ba wurin fakin kuma Oxford Street ranar Asabar da dare ko tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya, ba ya motsi, aka yi ta ja kwana biyu. Mutum tara, kwana biyu ana gardama, a kan fakin da waƙa da inda hoto zai fi fita. Ko mutum ɗaya bai ce wa ke dafa abincin ba, me suke gasawa a wurin, za mu je da Mma fa. Ni ma ban ce ba, na tura kasona ta Momo, kuɗin waya, na yi shiru, kuma wannan shirun shi ke cin raina.

Muna zama Mma ta jawo hannuna ta ce, "Tambaye shi, kazar nan wa ya yanka?" Yarinyar nan mai digirin ta mintsine ni ta ƙarƙashin tebur, "Anti don Allah, nan ba a irin wannan tambayar, kar ki ba mu kunya." Sai na rage murya kamar wadda za ta roƙi bashi na tambayi weta, ya yi murmushi ya ce babu damuwa komai lafiya lau. Shi ke nan, na karɓa. Na karɓa ne saboda ita ce amsar da nake so in ji.

Sai da muka yi awa ɗaya da wani abu kafin abinci ya zo, ya zo da cokali mai yatsu da wuƙa, ita kuwa Mma tunda take ba ta taɓa cin kaza da ƙarfe ba, hannu take sawa. Na tashi neman kwanon ruwan wanke hannu, weta ya ɓace, na bi ta gefen kicin inda hayaƙi ke fitowa. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Waya ɗaya ce ta gashi, a wannan gefen haƙarƙarin alade yana ɗigar da kitse wuta na tashi, a wancan gefen kazarmu, tsakaninsu bai kai tafin hannu ba. Ƙarfen da yake juya wannan da shi yake juya wancan, buroshin da yake shafa mai da yaji guda ɗaya ne, ya tsoma ya shafa nan ya shafa can. Na tambayi yaron da Twi, me ke nan, ya ce min prako, wato alade, kai tsaye, ko ɓoyewa bai yi ba, shi a wurinsa aiki yake yi. Kafin in dawo yara sun lallaɓa Mma ta ci loma biyu da cokalin.

Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ajiye cokalin a hankali, ta goge baki da gefen mayafinta, ta kurkure da ruwan gora ta rasa inda za ta zubar ta haɗiye, sannan ta ce, "Allah Ya gani ba mu sani ba." Ta naɗe hannu ta zauna tana kallon jikarta tana mata murmushi don kar ta ɓata mata rana. Wallahi duk sanda na tuna murmushin nan sai idona ya kawo ruwa.

Na samu manaja, ya ce min su ba su rubuta halal a ƙofa ba. Na ji zafi, amma gaskiya ya faɗa, ba su rubuta ba. Ghana ba ta mu kaɗai ba ce, ƙidayar 2021 ta ce Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne, sauran mutane suna da abincinsu kuma ba ruwana da shi. Matar da ke sayar da domedo, gasasshen alade, a kasuwar dare ta Osu ta fi min daraja sau dubu a kan wetan nan, ita ta baje alade a fili kowa na gani, mai so ya tsaya marar so ya wuce, ba ta yaudari kowa ba. Abin da ba zan yafe ba shi ne a tambaye ka ka ce lafiya lau don kar tebur na mutum tara ya tashi. Kuma abin da ya fi wannan ciwo shi ne mu da muka ji kunyar tambaya da ƙarfi.

Masu cewa in faɗi sunan wurin, ba zan faɗa ba. In na faɗa za ku kauce masa ku shiga na kusa da shi ku zauna ba tambaya, an koma gidan jiya. Daga Lagos Avenue zuwa American House zuwa Labone da Cantonments, kusan kowane wata sabon wuri na buɗewa, wa zai iya lissafa muku? Bakinku shi ne zai cece ku. Waya ɗaya kuke gasa kaza da alade? Man da kuke soya dankali kuna soya wani abu a ciki? Soyayyar shinkafar nan mai haɗe-haɗe, sosejin me ke ciki? Miyar nan an zuba giya? Kuma kar ku tsaya a kan weta, shi ba ya kicin, ku ce a kira mai dafawa ko ku leƙa da kanku. Wurin da ya ji haushin tambaya ya riga ya ba ku amsa, ku ɗauki jakarku.

Wani ɗan'uwa ya rubuto min wai ai naman Accra duk mahautanmu ne ke yankawa. Na sani, shanu daga kasuwar Tulaku ta Ashaiman suke fitowa kuma yawancin masu wuƙa namu ne, ba sai an koya min ba, kawuna mahauci ne. To kazar fa? Yawancin kajin da ake ci a gidajen abinci daskararru ne na kwali daga Brazil da Amurka da Turai, wani kwalin da tambarin halal wani babu, kai da ke kan kujera ka ga kwalin? Kuma ko da babban limami ne ya yanka ta da hannunsa, in ta kwanta cikin kitsen alade magana ta ƙare. Wani kuma ya ce ai yankan ma'abota littafi ya halatta, ka yi bismilla ka ci. Malam, ka kai wannan wurin malamai, ni ba ita nake yi ba, ni buroshi ɗaya na gani da idona, a kawo min malamin da ya halatta wannan. Ita kuma wadda ta ce ƙauyanci ne ke damuna, 'yar'uwa, a Nima aka haife ni, a Airport nake aiki shekara 11, na ci abinci a wuraren nan fiye da ke. Akwai na kirki, akwai na Larabawan Labanan da na Turkawa da za ka tambaya su ja ka har kicin su nuna maka, kuma har su ma sai na tambaya. Ban ce kar a fita ba. Ku tambaya na ce.

Sai masu cewa to ai abincin Zango ma kusa da gota ake sayarwa. Wannan ita ce ta fi ba ni haushi. Mma shekara 28 ta yi tana sayar da waakye, shinkafa da wake, a unguwar Maamobi, da shi ta biya mana makaranta, da shi aka rene uwar wannan mai digirin. Ƙarfe uku na dare take tashi, waken da ta jiƙa tun yamma ta ɗora, ta wanke karan dafi ta jefa, ruwan ya yi jan nan mai duhu, sannan shinkafa ta shiga. Shito kuwa, soyayyen yajin da ake ci da shi, tun jiya ta soya shi a kan gawayi awa da awanni har sai man ya taso baƙi. Kafin kiran assalatu layi ya fara, Ga, Asante, Ewe, 'yan sanda, nas-nas da suka kwana aiki, direbobin tirotiro. Tukunyarta a gabanka take, ganda da nama da ƙwai da taliya da gari duk kana gani, ka nuna da yatsa a zuba maka. In ka tambaye ta naman wa, za ta faɗa maka sunan mahaucin da sunan ubansa da masallacin da yake salla. Kuna so ku haɗa wannan da kicin da ke bayan bango ba mai gani? Gota dai a gyara ta, ni ma ina faɗa, amma ita gota a fili take kowa ya san da ita.

Kuma abincin da kuke rububin zuwa ci can, na wa ne? Waakye shinkafa da wake ce, sunan ma daga bakinmu ya fito. Tuo zaafi tuwo ne da zafi, koko da ƙosai namu, chichinga tsirenmu, pinkaso funkaso. Iyayenmu mata ne suka ciyar da garin nan da su tun zamanin Zongo Lane da Sabon Zango, har suka zama abincin ƙasa baki ɗaya. Ina alfahari da hakan, kowa ya dafa ya sayar Allah Ya ba da kasuwa. Amma ranar Asabar na ga waakye a takardar abincinsu sidi 180, ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti, fari fat ko kamshin karan dafi babu, kuma macen da ta shekara 28 tana dafa na gaskiya tana zaune a wurin jikarta na jin kunyar ta buɗe baki. Wannan ya ƙona min rai fiye da kuɗin. Kuɗin ma ba kaɗan ba, sama da sidi 3,000 muka ajiye har da abin da ba mu ci ba, ga VAT, ga NHIL na lafiya, ga GETFund na ilimi, ga harajin yawon buɗe ido, ga kuɗin hidima kashi 10 na hidimar da ko ruwan wanke hannu ba ta kawo ba. Tun Year of Return ta 2019, shekarar da Ghana ta gayyato baƙar fata na ƙasashen waje, unguwannin nan suka koma yi wa baƙi masu dala farashi, mu masu sidi muna bin su a baya, mun biya farashin baƙo kuma muna tsoron tambaya kamar alfarma ake mana.

Yarinyar nan ba na jin haushinta, ta zo gida ranar Lahadi ta durƙusa gaban Mma tana kuka, Mma ta ɗago ta tana cewa ke kuma mene ne, tashi ki ɗora min ruwan zafi. Mu muka koya musu. Mu ne muke rage murya in za mu ce muna salla, mu ne muke cewa "ba na cin nama sosai" maimakon mu ce ba na cin alade. Yaro abin da ya gani yake yi. Duk mai shirin kai iyayensa cin abinci, salla ce ko suna ko walimar digiri, ya je wurin kwana ɗaya kafin ranar, ko ya buga waya, ya yi tambayar da murya sama. Ba ka ci bashin kowa ba.

Daren nan dai a Nima muka ƙare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na saya wa Mma tuwo da miyar ayoyo wurin wata da muka sani tun muna yara. To ga wani abin kuma, a robar tekawe ta zuba, ta sa a leda, ta sake sa wa a wata ledar baƙa. Tuwo ɗaya shara uku! Mma tana kallo ta ce ita har ta bar sana'a a ganye take naɗa waakye, kuma duk wanda ya ci na ganye ya san ƙamshin daban ne, zafin shinkafar ne ke fito da shi. Yanzu ku leƙa babbar gotar Nima bayan ruwan sama, fari fat da robar nan, duk ta gangara kogin Odaw ta toshe, sai kace mun manta 3 ga Yunin 2015 da ambaliya da gobara suka ci sama da mutum 150 a Circle. Na tambayi mai tuwon me ya sa ba ta ajiye ganye ko don masu waakye da safe, ta ce ya yi tsada kuma yaran yanzu ba sa son riƙe shi a tirotiro. Sunan jaririyar ƙanwata sati biyu masu zuwa ne kuma Mma ta rantse ita za ta tsaya kan tukunyar da kanta, ganye take so na mutum 200, wanda ya san inda ake samu da sauƙi banda kasuwar Malata ya turo min, na je ranar Talata ƙullin da aka nuna min duk ya fara bushewa a gefe.