Kazantzidis da Shata: wa aka yi wa waƙar?

Ranar 14 ga Satumba, 2001, Stelios Kazantzidis, shahararren mawaƙin ƙasar Girka, ya rasu a Atens yana da shekara 70, bayan ya sha fama da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa. Har yau idan Satumba ta kama, gidajen rediyon Girka sai su cika da muryarsa, mutane kuma su nufi kabarinsa a garin Elefsina. Da wuya ka ji Bagirke ya ambaci cikakken sunansa. Stelios kawai ake cewa, kamar ɗan gidansu.

Ni da na tashi da kalangun Shata a kunne, zaman nan Girka ya sa dole na riƙa auna mutanen biyu. Shekara biyu ce tsakanin rasuwarsu, Shata a 1999, shi a 2001, kuma kowannensu ya wuce a kira shi mawaƙi kawai a wurin mutanensa. Amma ƙaunar ba iri ɗaya ba ce.

Iyayen Kazantzidis 'yan gudun hijira ne. Suna cikin Kiristoci fiye da miliyan ɗaya da suka baro ƙasar Turkiyya ta yau bayan yaƙin 1922 da musayar jama'a ta 1923 tsakanin Girka da Turkiyya. An haife shi a 1931 a Nea Ionia, unguwar da aka kafa domin irin waɗannan baƙi. Yana ɗan saurayi aka kashe mahaifinsa a rikicin siyasar da ya dabaibaye ƙasar a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Ya yi dako, ya yi talla, ya yi aikin masaƙa kafin faifansa na farko ya fito a 1952. Da ya buɗe baki yana waƙar talauci da maraici, ba labari aka ba shi ba.

Sai ga 1960, Girka ta ƙulla yarjejeniyar tura ma'aikata da Jamus ta Yamma. Ƙauyuka suka watse. Samari suka yi ta hawa jirgin ƙasa zuwa Munich, wasu ramukan haƙar kwal na Beljiyam, wasu Ostireliya. A ɗakunan kwanan masana'antu, faifan Stelios ne abokin hira. Waƙoƙin nasa na uwar da aka bari a gida ne, da wasiƙar da ba ta zo ba, da gurasar da ake ci a ƙasar wani ba ta wuce maƙogwaro da daɗi. Tsofaffin da suka dawo daga Jamus har gobe idan aka sa shi a shagon shan gahawa sai su ajiye kartar da ke hannunsu.

Abin da na fi lura da shi shi ne, mutumin da yake wa waƙa ba shi da suna. Lebura ne, ko wane lebura. Shi ya sa kowa ke iya shiga cikin waƙar ya ce da shi ake.

Mu kuwa manyan mawaƙanmu sunaye suka bar mana. Narambaɗa da Ɗanƙwairo na sarakuna ne. Shata ya faɗaɗa fagen, ya wasa attajiri da direba da ma'aikacin gwamnati da macen da ta yi masa alheri, amma galibi mutum ne guda, da sunansa da garinsu da kyautar da ya bayar. Ba raini nake yi ba, Allah ya kiyaye. A wajen fasaha ma Shata ya fi ƙarfin a jera shi da Stelios: shi Stelios yawancin waƙoƙinsa wasu ne suka rubuta baitin, wasu suka tsara kiɗan, nasa murya ce, alhali Shata a tsaye yake ƙera waƙa nan take, 'yan amshi na karɓa. Sai dai Bahaushe ya fi ƙarni nawa yana tafiya? Fataken Gwanja, takarin da suka yada zango a Sudan kan hanyar Makka ba su koma ba, 'yan ci-ranin Legas da Kumasi, yanzu ga na Agadas da Libiya. Duk wannan tafiyar, ɗan ci-rani yana jin Shata ne don ya tuna gida, ba don ya ji labarin kansa ba. Wanda ya fi kusa da wannan gurbin a ganina Ɗanmaraya Jos ne, da kuntiginsa, shi da ya kalli karen mota ya ga ya isa a yi masa waƙa.

Wani abin dariya da ya haɗa mu da su: fim ɗin Indiya. A ƙarshen shekarun 1950 Girkawa suka haukace da shi kamar yadda aka yi a sinimomin Kano, kuma ɗaya daga cikin faya-fayan Stelios da suka fi kasuwa, na 1959, sunan jaruma Madhubala ya ɗauka. Masu ilimi suka yi ta tsaki, wai ana gurɓata kiɗan ƙasa. Wanda ya san surutun da aka sha a kan waƙoƙin Kannywood ba zai ji baƙon abu ba.

Inda muka rabu sosai shi ne wajen kuɗi. A tsakiyar shekarun 1960, lokacin da tauraronsa ke tsakiyar sama, Stelios ya daina waƙa a gidajen rawa na dare, inda masu hannu da shuni ke fasa faranti don nuna isa. Bai sake komawa ba. Bayan 1975 kuma rigima da kamfanin faifai na Minos ta sa ya yi shekara 12 bai fitar da sabon faifai ba, ya koma bakin teku yana kamun kifi. Wasu Girkawan na cewa taurin kai ne da yawan ƙorafi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ya iya yin hakan ne domin faifai na sayuwa, talaka na ciyar da shi da 'yan kuɗinsa. Mawaƙinmu na wancan zamani da liƙi da kyautar doki da mota yake rayuwa, masu kwafar kaset kuma su cinye sauran. Wanda abincinsa ke hannun mai gida, ta yaya zai bar mai gida ya yi wa lebura waƙa?