Yaran da na koya wa lissafin wuta

A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki ga masu layin Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin samun wuta mafi yawan awanni a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit. Makarantar da nake koyarwa a Kano tana kan wannan layin, ba don isarmu ba, sai don Allah ya haɗa mu maƙwabtaka da masana'antu. Janareta kuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya koma kayan ado, sai ranar da manyan baƙi za su zo ake tayar da shi. Da takardar kuɗin wata ta iso, Firinsifal ya karanta ta a tsaye, ya nemi kujera ya sake karantawa, sannan ya ce a kira masa malamin Fizis. Ni ne malamin Fizis.

"Malam, ku ne masu ilimin wuta. Ka san yadda za ka yi da ita."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni da yara."

Na tara 'yan aji biyu na babbar sakandare na yi musu darasin da har yau nake alfahari da shi. Na ce ku ɗauki wat ɗin abu, ku ninka da awannin da yake aiki, ku raba da dubu, kun sami yunit. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 in ya yi awa goma a kunne ya ci 0.6, wato naira 135 a sabon farashi. Ƙwan LED mai wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya, a awa goman nan kusan naira 20 zai ci. Aji ya yi tsit. Da na ga na kama su sai baki ya ƙara daɗi, na ce fitila da fanka ƙananan ɓarayi ne, manyan su ne duk abin da ke yin zafi: dutsen guga, butar lantarki, hita, kowanne wat dubu ko fiye. Wata yarinya a layin gaba ta rubuta maganar, ta ja mata layi biyu da jan biro. Da yaran suka kafa ƙungiyar rage cin wuta, ita suka zaɓa shugaba. Ni kuma aka naɗa ni uban ƙungiya, har da tafi.

Kafin mako ya zagayo makaranta ta sa musu suna 'yan kashe wuta. Kowane aji ya sami sarkin makunni. Ana kaɗa ƙararrawar tara, fankoki su tsaya cak. Malamin Turanci, wanda ya saba ɗan runtsawa a ofishin malamai bayan azahar, ya farka sharkaf da gumi, don wani yaro ya leƙo ya yanke hukuncin cewa mai barci ba ya cikin masu amfani da ɗaki. Sun yanka kwali sun rubuta "Ka kashe ni kafin ka fita" sun manna kusa da kowane makunni. Ɗaya ya ɓalle, wani mai son gyara ya tsinta ya manna a ƙofar mataimakin Firinsifal, sai da aka yi zaman sulhu.

Amma aiki ya yi kyau, wannan ba na musu. Safe da yamma suna karanta mita suna rubutawa a littafi, yawan yunit ɗin da ake ci yana sauka, Firinsifal yana gaishe ni da hannu biyu.

Ran nan shugabar ta zo da littafin, da 'yan rakiya biyu, suka durƙusa suka gaishe ni.

"Malam, akwai ɓarawo a ɓangaren kimiyya. Kullum lokacin tara mita sai ta zabura."

To, a bayan kabad ɗin ɗakin gwaji akwai wata 'yar hita, irin mai zoben nan da ake tsomawa a ruwa. Shekarunta a wurin sun fi na yaran a makarantar. Da ita nake dafa shayi, da citta da kanumfari da ɗan masoro, kuma duk wanda ya taɓa koyar da aji mai mutum tamanin ya san wannan magani ne, ba sha'awa ba. Na gyara murya na ce wataƙila firij ne. Suka ce firij ɗin ya mutu tun suna aji ɗaya. Na ce to wayoyin ginin sun tsufa, suna iya yoyo. Yarinyar ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce, "Malam, wayar ba ta yoyo sai lokacin tara?"

Na ce bincike yana son haƙuri. Ashe ba ya so. Washegari ƙamshin citta suka bi.

Ranar Litinin aka kafe jerin manyan masu cin wuta a allon sanarwa. Na ɗaya injin tura ruwan burtsatse. Na biyu na'urar kwafin takardu. Na uku "hitar wani malami". Ba su kama suna ba, yara ne masu tarbiyya, sai dai sun zana kofi yana tururi da saiwar citta a gefe. A asambuli aka kira ni gaban jama'a aka miƙa mini fulas, wai in riƙa tahowa da shayina daga gida. Na karɓa ina murmushin da ya fi kuka ciwo. Da na ce ai ba komai, a gida kan gawayi za a dafa, shugabar ta ɗaga hannu ta tambaya ko na san daga ina gawayi yake fitowa.

Kuɗin fulas ɗin daga ɗaya ɓangaren aikinsu ya fito, wato tara shara mai kuɗi. Buhuna suka jera a bayan ɗakin karatu. Robar lemo a wanke ta a kai wa masu zoɓo da kunun aya. Ledar fiya wata a shanya ta a ɗaure, a sayar da kilo ga masu kai wa inda ake narka ta a mayar da ita kayan roba. Gwangwanin alminiyam kuwa 'yan gwangwan ke saye, daga can ya wuce wajen maƙera ya dawo tukunya. Wani yaro ɗan mahauci ya ba asambuli labarin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin akuya, tun daga ranar ko 'yan aji ɗaya ba sa yar da leda a fili. Mutumin jari bola da ke zuwa da sikelinsa ran Juma'a ya taɓa jan hannuna gefe ya ce, "Malam, don Allah me kuke koya wa yaran nan? Da nasu sikelin suke zuwa."

Takarda ce ta ƙi kasuwa. Masu saye da kilo ba sa ba ta daraja, sai yaran suka gano cewa mai ƙosai da mai tsire da mai gyaɗar bakin ƙofa sun fi biya. Suka rubuto neman izinin kwashe tsofaffin takardun ofishin malamai. Wa zai sa hannu in ba uban ƙungiya ba? Na sa, har na ƙara da "Allah ya yi albarka".

A ƙarƙashin teburina akwai kwali. Samansa tsofaffin takardun gwaji ne. Ƙasansa kuwa wata wasiƙa ce da nake ta tsarawa zuwa ga asusun rancen malamai. Ni mutum ne mai son rubutu ya fita tsaf, don haka na rubuta na sake, na rubuta na sake, kowane kwafi da suna da sa hannu. A layin dalili kalma biyu ce kacal: ƙarin aure. Uwargida ba ta sani ba tukuna. Ina jiran lokacin da ya dace, kuma malamai sun ce gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Gidana bai fi tafiyar minti biyar daga makaranta ba. Asabar da safe aka aiki autanmu sayen ƙosai. Ina zaune kan tabarma ina juya koko, uwargida ta warware ƙunshin, ta tsaya. Mai ya jiƙa takardar amma biro mai kyau ne, na saya da tsada.

"Malam, wannan ba rubutunka ba ne?"

Na ce rubutu yakan yi kama, Allah mai iko.

"Har sa hannu yakan yi kama?"

Ta karanta tun daga "Assalamu alaikum" har "naka mai biyayya", a nitse, tana tsayawa a kowace aya. Ta yaba tsarin. Sannan ta ci ƙosanta ta bar mini takardar. Da na fita sallar azahar na gane sauran kwafin ma ba su yi asara ba, sun ratsa layin gida gida. Liman ya riƙe hannuna ya ce Allah ya sanya alheri. Mai ƙosai ta ɗago daga bakin kasko ta tambaye ni 'yar wace unguwa ce.

Kwana biyu gidan ba a jin komai sai ƙarar cokali. Daren na uku ta zauna kusa da ni da takardar a hannu, a goge a linke.

"Na duba kuɗin da ka nema. Tun da ashe kana iya ɗaukar bashi, Malam, ka ɗauka. Layin dalilin kawai za ka gyara."

Ita ta yi mini shifta: sola da batir da fanka biyu.

An ba da rancen cikin gaggawar da ban taɓa gani ba, don duk 'yan kwamitin sun ci ƙosai. Ranar da aka ɗora faifan a kan rufi, 'yan kashe wuta suka zo gani da littafinsu. Suka lissafa wa uwargida abin da za ta riƙa ragewa a wata, ta ce su ne 'ya'yan albarka, ta fito musu da zoɓo mai sanyi. Shugabar ta tambaye ni ko akwai sauran tsofaffin takardu a gida. Uwargida ta ce akwai, ta san inda suke. Da suka shanye zoɓon, robobin ma da su suka tafi.