Ƙwallo ce ko gaba?

Wallahi wanga labari na 'yan kallo da sunka far ma alƙalin wasa bayan an tashi bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Mu nan Sakkwato ko filin Giginya ba sai ka je ba, shiga gidan kallo kawai ranar da Madrid da Barca za su kara ka ga ikon Allah. Akwai wani gidan kallo a Mabera da nake zuwa, rannan kan fenariti ɗaya yara biyu 'yan unguwa guda sunka kaure da dambe har anka fasa wa mai gidan talabijin, shi ko bawan Allah da kuɗin bashi ya sayi man janareto. Kuma abin dariya wai "mun ci ku", "mun sayi ɗan wasa", kai da wa malam? Ko Sifen ɗin ba ka san hanyarta ba.

Ni ma ɗan Arsenal ne tun zamanin Henry, in anka ci mu tuwo ba ya shiga, to na san zafin abin. Amma Turawan da muke koyi da su sun ɗanɗana kuɗarsu, a filin wasa na Heysel da ke Beljiyam 1985 mutum 39 sunka mutu sanadin rikicin 'yan kallo a wasan Liverpool da Juventus, anka kori kulob-kulob na Ingila daga gasar Turai shekara 5. Masar ma 2012 a Port Said sama da 70 sunka tafi. Nan kuwa tarar kulob ake yi ko a rufe fili, wanda ya yi jifan gobe yana nan zaune kan benci.