Ruwa na cin kabarin Babanmu, su kuma sai yawo da hankali

Wai fisabilillahi wa ke da hurumin ba da izinin a ɗauke gawa daga kabari a ƙasar nan? Na rasa gane wannan lamari wallahi. Kwarin da ke bayan maƙabartar unguwarmu kullum ƙara ci yake, daminar bara ya tafi da layi guda sukutum, yara suna tsintar ƙasusuwa da guntun likkafani a cikin rafi, yanzu kabarin Babanmu ne a bakin gaɓa. Muka ce to bari mu tono shi mu mayar da shi ciki inda ƙasa take da ƙarfi.

Mai unguwa ya ce mu ga 'yan kwamitin maƙabarta, kwamiti suka ce sai takardar duba-gari daga sakatariya, a sakatariya aka ce a'a ai wannan sai majistare ya sa hannu kuma sai 'yan sanda sun sani, kowa sai ya ce "Malam ka yi haƙuri ka dawo wani satin". Ruwan sama zai jira wani satin ne? Kuma in ka ɗau shebur da kanka ka zama mai laifi, a ce ka wulaƙanta gawa ko ma a yi ma sharrin tsafi.

Masu cewa haramun ne kuma dan Allah ku koma makaranta. Jabir ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa bayan wata 6 da yaƙin Uhudu ya canza masa kabari, yana nan cikin Bukhari. A Muwaɗɗa ma an kawo yadda ambaliya ta buɗe kabarin shahidan Uhudu biyu bayan shekara 46 aka sauya musu wuri. Malamanmu na Malikiyya sun yarda a ɗauke mamaci in ana tsoron ruwa zai ci shi, muddin ba za a keta masa alfarma ba. Ba wani sabon abu muka zo da shi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, ranar da za a yi titi ko a yanka filaye, katafila za ta shiga maƙabarta rana tsaka ba wanda ya nemi yardar iyalai. Mu da ubanmu ne, mu ne sai takarda. Hajiya ta daina barci in hadari ya haɗo. Hukumomi, ku fito ku gaya mana ofishi ɗaya da za mu je, ko ku zo da buhunan yashi da siminti ku tare kwarin nan kafin Agusta.