Ba girgiza kaɗai ke rushe bene ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta wani rahoto kan girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta ci rayuka fiye da 50,000. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne birnin Antakya na Turkiyya, inda benaye suka zube hawa kan hawa, alhali wasu gine-ginen kusa da su na nan tsaye. Ingancin aiki ne ya bambanta su, shi ya sa aka kama 'yan kwangila daga baya.

Mu a Kano Allah Ya rufa mana asiri, ko da yake mutanen Mpape a Abuja sun ji motsin ƙasa a 2018. Amma ai ba girgiza aka yi ba da bene ya rufta a titin Beirut da ke nan Kano a 2022. Ni birkila ne. Na taɓa aikin da mai gini ya ce a rage rodi, a ƙara yashi, sannan a ɗora hawa uku kan harsashin hawa ɗaya. Wallahi ranar na tattara kayan aikina na tafi, har yau gabana na faɗuwa in na bi ta layin.